Garken Ntate Tlali

Maseipati ta sauka daga kan dokinta ta ja shi da linzami, domin daga nan hanyar ta fi ƙarfin mahayi. Iska sai neman ƙwace mata bargo take yi. Can sama, hayaƙi na fita daga bukkar dutse ta Ntate Tlali, wato Baba Tlali.

Hawan nan ya ishe ta. Fadamar da ke kan tsaunin ita ke shayar da rafukan kwarin, amma kofato ya tattake ta har idanun ruwa suka fara ƙafewa. Da ƙyar ƙauyuka suka haɗa kai da sarki da ma'aikatan gandun daji na tsallaken iyakar Lesotho, aka amince kowa ya sauko da dabbobinsa fadamar ta huta. Su kuma ma'aikatan za su kawo likitan dabbobi, su gyara gada. Makiyaya suka sauko, wasu suna gunaguni. Saura mutum ɗaya, Tlali. Da yake ita ce shugabar ƙungiyar makiyaya, ita ake turowa duk wata.

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi aikin haƙar ma'adinai ba su waiwayo ba, tsohon bai ƙara taka ƙauye ba.

Ta iske shi a bakin ƙofa, har ya ɗora tukunya. Tun tana ƙasa ya hango ta.

"Shugaba da kanta!" ya ce. "Wannan dokin naki ai ya girme ni."

"Ntate, yau ba wasa ya kawo ni ba."

"To zauna ki ci, mu yi faɗan da ƙarfinmu."

Ya zuba mata tuwon masara da ganye, ya miƙo baƙin shayi ba madara. Da ƙirare ya hura wutar, ba da busasshen kashin tumaki ba. Tsohon karensa na kwance yana gyangyaɗi. Tlali ya shiga jero tambayoyi: wa ya haihu, wa ya rasu, an gyara rufin coci kuwa? Ta riƙa amsawa a taƙaice, shi kuwa yana jan kowace amsa kamar kada ta ƙare.

"Ina tumakin?" ta katse shi.

"Suna bayan tudu. Ba sa son baƙi."

Amsar da yake ba ta kullum ke nan. Sai ta ajiye kofin ta faɗa masa gaskiya. Sauran makiyayan sun rantse in lokacin askin ulu ya zo yana nan, su ma za su koma sama. In suka koma, ma'aikatan za su janye, aikin kowa ya rushe. Sarki ya riga ya ce a turo samari su ƙwace garken, su yaye rufin bukkar.

"Ni na roƙa a bar ni in gwada yau," ta ce.

Ya iza wutar. "Ki dawo wata mai zuwa, 'yata, mu sake magana."

"Babu wata mai zuwa, Ntate."

Ta miƙe ta ɗauki sandarsa. Tunda ya ƙi, za ta kora tumakin da kanta, ya fi a wulaƙanta shi gaban yara. Ta nufi tudun. Ya biyo ta yana ɗingishi yana kiran sunanta. Ba ta juya ba.

Da ta kai saman tudun sai ta tsaya cak. Katangar shingen tumakin ta zube gefe guda. Ciyawa ta cika shi har ƙugu. Babu sawun kofato, babu warin dabba, babu komai sai iska.

Ya iso yana haki, ya dafa dutse.

"Babbar dusar ƙanƙarar nan ce ta tafi da su," ya ce. "Duka. Tun kafin ku fara zaman yarjejeniyarku."

Maseipati ta dube shi. "To me ya sa ka bar mu muna ta fama da kai?"

Tsohon ya gyara bargonsa, ya kawar da ido.

"In na ce na yarda, 'yata, wa zai ƙara hawowa wurina?"