Gular da Aka Miƙa a Gonar Gayya

Tunda ka ce za ka riƙe kiɗa da hannun dama, nazarin al'adu da na hagu, bari in ba ka misalin wani ɗan makaɗa. Gangar noma suka gada a gidansu, kuma hannunsa ya fi na kowa zaƙi. In ya saki taken manoma, rago ma sai ya nemi garma. Ya tafi jami'a ya karanci al'adun jama'a, wai don kada kiɗan gidansu ya ɓace. A can malamansa suka koya masa cewa mai bincike gefe yake tsayawa, ya duba, ya ɗauka, ba ya sa hannu, don kada ya gurɓata abin da ya zo gani. Ya riƙe wannan kamar karatun sallah.

Da damina ya dawo gida da na'urar ɗaukar hoton bidiyo, aka yi gayya a wata gona bayan gari. Al'adar garin kuwa, makaɗin da ƙarfinsa ya ƙare ba ya cewa ya gaji. Ana tsakiyar kiɗa yake miƙa wa magajinsa gula, sandar da ake kaɗa gangar da ita, a gaban jama'a. In an karɓa, gado ya tabbata. In an ƙi, a yanke fatar gangar a rataye ta. Rana ta take, mahaifinsa tsoho ya yi ta kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya juyo ya miƙa wa ɗansa gula. Ɗan ya san al'adar sarai, har babi guda ya rubuta a kanta. Amma idonsa na kan na'ura, ga hoto ya yi kyau, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Baba, ƙara kaɗan, ina ɗauka." Tsohon ya dube shi, ya saki gular ta faɗi ƙasa. Kafin la'asar da hannunsa ya sa wa fatar wuƙa.

Yau ɗan nan farfesa ne, ƙasashe daban-daban ake gayyatarsa ya yi bayanin gangar da babu mai kaɗa ta. Abin da ke ƙona mini rai, har gobe yana nuna wa ɗalibai hoton nan suna tafa masa, amma kullum kafin tsohon ya juyo yake kashe na'urar. Hausawa dai sun gama magana: taura biyu ba ta taunuwa.