Kuntulele

Ya Gana ta sake kawar da kai, kunun ya zube a kan zanen gado.

"Kuntulele," in ji ta.

Tun da ɓarin jikinta ya shanye, kalmar da ta rage a bakinta ke nan. Takan kalli cokali ta faɗe ta, sannan ta datse haƙora. Lokotoro, wato likita, ya ce in ta ci gaba da ƙin abinci za a zura mata tiyo ta hanci, kuma bai yi alkawarin jikin zai ɗauka ba.

Falmata, 'yarta tilo, ta ɗauki hutu a lakwal ɗin da take koyarwa. Ta gwada cokalin ƙarfe, ta gwada na roba, ta ari koshiya a maƙwabta. Tsohuwar ta ƙi.

To, ai su Ya Gana mutanen Barno ne. Falmata ta bi lungunan Birni gida-gida tana tambayar tsofaffin Barebari ma'anar kalmar. Wata ta sa ta maimaita, ta ɗanɗana kalmar a bakinta, ta ce wannan ba Barbarci ba ne. A kasuwar Dole masassaƙan Buzaye suka baza mata cokulan itace, suka ce ba su san sunan ba. Ta saya duk da haka. Ya Gana ko kallonsu ba ta yi ba.

Ta tambayi kawunta Bukar, wanda ya girma ɗaki ɗaya da Ya Gana. Ya ce bai tuna ba, ya tashi neman buta alhali lokacin salla da saura.

Ranar Alhamis Larai ta zo daga ƙauyen Hamdara da geron da ta saba kawowa. Tun Falmata na yarinya take zuwa gidan, kuma Falmata ba ta taɓa son ta ba. Mace ce da za ta gaida kowa har akuyar gida, amma in Falmata ta shigo sai ta sunkuyar da kai. Ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba.

Tana sauke kaya kalmar ta fito daga ɗaki. Larai ta tsaya cak. Sai ta nufi madafa, ta zaɓi ƙaramin ludayi, ta datse mariƙinsa da wuƙa har ya rage tsawon ɗan yatsa, ta goge bakin a dutse. Ba Falmata ta miƙa wa ba, Bukar ta ba.

Ya Gana ta karɓa da hannun da ke motsi. Ta ɗebo kunu, amma maimakon bakinta sai ta nufi bakin Falmata da shi.

"Sha mana," in ji Bukar a hankali. "Ba za ta ci ba sai kin ci. Haka take yi a da."

Falmata ta sha. Tsohuwar ta duba ta tabbatar ta haɗiye, sannan ta ɗebo nata. Ta shanye rabin kwano.

A tsakar gida Falmata ta tari Larai tana naɗe gammo.

"Baiwar Allah, wane yare ne wannan? Na karaɗe gari ban samu ba."

Larai ta juya wajen Bukar. "Malam, ba yaren kowa ba ne. Wata uwa ce ta ƙago shi tana lallashin 'yar yaye da ta ƙi kunu. Tana kaɗa ludayin tana rerawa, har yarinyar ta buɗe baki."

"Wace uwa? Ni fa na tambaye ki, ba kawu ba. Sau ɗaya dai ki dube ni ki amsa."

Larai ta ɗora ƙwarya a ka, ta nufi zaure. Falmata ta yunƙura za ta bi ta, Bukar ya riƙe mata gefen mayafi.

"Ƙyale ta, Falmata. A Hamdara mace ba ta yi wa 'yar farinta magana."