Ɗakin Muntari

Jelani mai hoto yana cikin ɗaukar hoton tsagaggen bangon ɗakin, sai ƙyaure ya rufe a bayansa, ya ji an tokare shi da icce daga waje.

Tun daga Jega ya zo don wannan kango na bayan ƙauyen Sarandosa, wanda aka ce masa ba kowa a ciki. Ɗakin ba taga, azara kuma duk gara ta cinye. Ya bangaji ƙyauren, ƙasa ta zubo masa a ka. Ya ja da baya.

"Wa ke nan? Don Allah a buɗe!"

"Ba ni buɗewa," in ji muryar wata tsohuwa.

"Inna, ni baƙo ne, hoto kawai na zo ɗauka."

"Ka bar ruɗi na, Muntari. Ni da hannuna nib buɗe maka ƙohwag ga, kat tahi yaƙi. Shekara goma sha biyu! Kowa ya tashi, sun ce ɗana ya mutu, ni ko kullum sai na share maka ɗaki."

Jelani ya dubi ƙasa, ya ga sawun tsintsiya.

"Na dawo, Inna," ya ce a hankali. "Ƙishirwa nake ji."

Aka janye iccen. Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Tun shigowarka na san ba shi na ba," ta ce. "So nike in ji an kira ni daga ɗakin ga. Zamna, ɗana, in kawo ruwan."