Kwamfutar Marigayi

"Hajiya, wannan kwamfutar ta girme ni fa," in ji mai gyara. "Ki sayi sabuwa mana."

"Ta marigayi maigidana ce. Memori kawai za ka ƙara mata."

Sai ya karɓi aikin. Kwana huɗu yana zagaye shagunan Sabon Gari kafin ya samo memorin da zai shige ta. Da ya kunna mata, sai ya kau da kai, don kada ya ga hawayenta a kan tsofaffin hotuna.

Ita kuwa ta gyara zama, ta buɗe wasan karta.

"Shekara tara sunansa ne a saman jerin masu maki. Duk sanda na kusa wuce makinsa, sai kwamfutar ta tsaya cak. Yau zan ga mai ceton Alhaji."