Tawada a Yatsa Biyu

Sista Karimatu ta yi wa 'yan mata sittin allurar rigakafin kansar bakin mahaifa a wata makarantar Tudun Wada. Duk wadda aka yi wa, sai ta shafa mata tawada a ƙaramin yatsa. Kafin ta fara sai da ta tsaya gaban iyaye da ɗalibai ta rantse cewa allurar ba ta hana haihuwa.

Da layi ya zo kan ɗiyarta Hauwa'u, sai ta ja ta bayan labule, ta shafa mata tawadar kawai. Ita ma tana jin abin da ake faɗa a gidajen suna, kuma ɗiya ɗaya gare ta.

Washegari Hauwa'u ta dawo gida da ciwon dantse. Ta ɗaga hannayenta, kowanne da tawada.

"Wanga naki ne, Inna. Wanga na asibitin Gidan Igwai."

Karimatu ta ajiye ludayi. "Wa ya zuga ki?"

"Wata nas ce ta zo makarantarmu jiya. Har rantsuwa ta yi."