Madubin da Aka Murza wa Wata

Duk masu kallon tsuntsaye a bakin madatsar ruwan sun san al'adar jagoransu: in ya gano shaho, wata malamar jinya a cikinsu yake fara miƙa wa madubin hangen nesa. Yau kuwa sai da baƙuwa mai ɗaukar hoto ta gama kallo, har da dariya, sannan ya waiwayo ya miƙa wa malamar.

"Ga shi can kan busasshen reshe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Jelarsa ba a rabe take ba. Shaho ne, ba shirwa ba."

Malamar ta ɗora madubin a ido. Dishi-dishi kawai. An murza shi daidai idon wata, igiyarsa ma ƙamshin wani turare take yi.

"Ban ga komai ba."

"Murza kaɗan mana, ranki ya daɗe. Baƙuwa ce, shi ya sa..."

"Ni zan gyara abin da ka ɓata?" Ta dangwara masa madubin a ƙirji. "Na gaji da bin ka daji ba matsayi. In kana so in sake duba maka shaho, turo kawunnanka wajen Baba."

Shahon ya tashi. Jagoran ko ɗaga kai bai yi ba, idonsa na kanta.