Ƙwallon da Ta Motsa Cikin Ciyawa

Rumasa'u ta iske Musbahu zaune a gefen filin golf, ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Shekara bakwai yana ɗaukar wa manyan Maitama jakar sanduna kafin ya shiga gasarsa ta farko yau. Da kofin ya so ya tunkari mahaifinta da maganar aurensu, ga shi ya kuɓuce masa da bugu ɗaya.

"An ce kai ka kai ƙarar kanka wurin alƙali," ta ce.

"Sandata ta taɓa ƙwallon cikin ciyawa, ta motsa. Dole a ci ni tara."

"Wa ya gani?"

"Ni."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a," ta ce a hankali. "Labarin ƙwallon nan, ni zan ba Abba da bakina."